Ranar da Rijiyoyin Magami Suka Yi Hijira Zuwa Kamaru

A ƙungiyar manoma, duk wanda ya iya kunna kwamfuta ya shiga uku: shi ne sakatare, shi ne injiniya, shi ne mai cire wa tsofaffi lambar sirrin waya. Da labari ya iso Magami cewa wata ƙungiyar agaji a Gusau za ta gyara rijiyoyin burtsatse, amma sai an kawo taswirar da ke nuna inda kowace take da halin da take ciki, ba a ko yi shawara da ni ba. Shugaba ya dube ni ya ce, "Sakatare, wanga aiki naka na."

Ɗan ƙanwata da ke karatun labarin ƙasa a jami'a ya zo hutu, ya sa mini QGIS, manhajar zana taswira da wani Ba'amurke mai suna Gary Sherman ya fara rubutawa a 2002. Da Ma'aji ya ji kyauta ake sauke ta, nan take ya ce bai taɓa ganin manhaja mai albarka irinta ba. Yaron ya sauko da iyakokin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Gusau daga rumbun GRID3, wanda ya gaji taswirorin ƙauyukan da aka zana don rigakafin shan-inna. Samari kuma suka bazu da KoboCollect a wayoyinsu, suna tsayawa a bakin kowace rijiya suna ɗaukar lambobin GPS.

Ni mutum ne mai tsari, sai dai tsarin a kaina yake. Iyakokin mazaɓu suna inda kwamfuta ta jefa su ranar da aka sauke su. Hanyoyi suna kan fuskar allo. Rijiyoyin kuwa na adana su cikin folda mai suna "Hotunan Walima", domin nan ce ba na mantawa. Taswirar ta fito gwanin kyau: Gusau a sama, ƙasar Tsafe ta gabas, ta Bungudu ta yamma, hanyar Ɗansadau ta gangara kudu, rijiyoyi masu aiki shuɗi, matattu ja.

Kowa ya san hanyarmu ba a ratsa ta da jakar da ke jan ido, don haka na bar kwamfuta a gida. Na kwafi fayil ɗin aikin, Magami.qgz, a filas. Kafin in ƙifta ido ya gama shiga. Na jinjina wa zamani: a ce gunduma guda da rijiyoyinta ta shige aljihun 'yar-shara ba nauyi!

A ofishin aka kunna majigi, ni da Shugaba da Ma'aji muka jera a gaba. Wata matashiyar ma'aikaciya ta buɗe fayil ɗin. Bango ya yi fari fat. A gefe ga sunayen kayana a jere, kowanne da jar alamar gargaɗi a gabansa.

"Sakatare, ina garin?" in ji Shugaba.

"Ranka ya daɗe, intanet ce."

"Baba, wannan ba ruwansa da intanet," in ji yarinyar cikin ladabi. "Fayil ɗin aiki ba ya ɗauke da rijiya ko ɗaya. Kamar takardar kayan lefe yake: an rubuta turmi kaza yana akwati na biyu, takalma suna na uku. Kai kuwa takardar ka kawo gidan amarya, akwatunan suna Magami."

Ma'aji ya yi tari irin na mai ƙoƙarin haɗiye dariya.

Na fita na kira ɗan ƙanwata. Sai da ya hau tudun da ake samun sabis kafin mu ji juna. Na ce ya turo fayil ɗin rijiyoyi na ƙarshe ta WhatsApp.

"Kawu, wane ƙarshen? Akwai ƙarshe, akwai ƙarshe2, akwai ƙarshe_gaskiya, akwai ƙarshe_wallahi."

"Turo mai rantsuwar."

"Guda huɗu ne masu sunan, Kawu."

"Turo ɗaya, data ba ruwan rafi ba ce."

Ya turo mai .shp a wutsiya, ya ƙi buɗewa. Yarinyar ta ce wannan tsarin, da kamfanin Esri ya fito da shi tun shekarun 1990, ba ya tafiya shi kaɗai: .shp ne ke riƙe da ɗigogin, .shx ne jagoransu, .dbf ne ke da bayanansu, .prj kuma shi ke faɗin ma'aunin da aka auna duniya da shi. Na sake fita rana, yaro ya sake hawa tudu.

Wannan karon ɗigogi suka bayyana, duk launi ɗaya. Ta buɗe jadawalin don ta raba masu rai da matattu. Duk ƙauyen da sunansa ke da ƙ ko ɗ ya koma wani rubutu mai kama da hatimi. Wannan ma da sauƙi. Ashe tsarin ba ya karɓar sunan shafi da ya wuce haruffa 10. Na rubuta rijiya_mai_aiki da rijiya_mai_matsala, ya datse su suka zama rijiya_mai da rijiya_m_1.

"Baba, wanne ne wanne?"

Na ce ai abin a bayyane yake, na nuna ɗaya. Ta shafa launi. Rijiyar ƙofar gidan Shugaba, wadda awaki suka mai da wurin ƙailula tun bara, ta fito shuɗi shar. Ta bakin kasuwa, wadda rabin gari ke sha, ta fito ja.

Shugaba ya gyara zaman hularsa. "To, ni dai ban ga ruwa ba da sahe."

Yarinyar ta ce a koma tushe, a turo ainihin jadawalin da samari suka tara. Ya iso. Manhajar ta tambayi wane shafi ne X, wane ne Y. Ban bari ta wahala ba, na ce duk wanda ya yi firamare ya san X ke zuwa kafin Y, don haka shafin farko shi ne X. Ta dube ni kamar za ta yi magana, sai ta tuna furfura, ta latsa.

Abin da ba a koya mana a firamare ba shi ne, waya tana fara rubuta nisan wuri daga tsakiyar duniya zuwa arewa, manhajar kuwa X ɗinta gabas yake nufi. Magami tana wajen digiri 12 arewa, 6 da ɗoriya gabas. Da aka juya su, sai taswirar ta zabura ta tsallake Binuwai, ta haye tsaunukan Mambila, ta sauke rijiyoyinmu reras a kusa da Banyo, cikin Adamawar Kamaru. Guda biyu ma ba su bi ayari ba. Samari sun gaji da jiran GPS sun cika sifiri da sifiri, suka faɗa tsakiyar teku, kudu da Gana.

Ɗakin ya yi tsit. Can Shugaba ya ce, "Sakatare, yaushe munka gina rijiya Kamaru?"

Ma'aji ya buɗe littafinsa. "Kuma wa ya biya kuɗin mota?"

Allah ya yi wa yarinyar nan albarka. Ta musanya shafukan, rijiyoyi suka dawo gida ba fasfo. Sannan ta zaunar da ni ta buɗe folda ɗaya mai suna Magami. A cikinta ta yi uku: "asali", inda abin da samari suka kawo zai zauna ba mai taɓa shi, "aiki", inda ake gyare-gyare, "fitarwa", inda taswirar da aka gama take. Fayil ɗin aikin ta ajiye shi a bakin babbar foldar, yadda duk inda aka kwashe ta gaba ɗaya zai gane hanyar kayansa. Rijiyoyi da hanyoyi da iyakoki ta zuba su cikin GeoPackage, tsarin da aka amince da shi a 2014, fayil guda da ke karɓar dogon suna da ƙ da ɗ ba gardama. Ta ce in zan auna nisa da mita in koma ma'aunin UTM shiyya ta 32, domin a cikinta muke. Fayil kuma a sa masa kwanan wata, a daina sa shi rantsuwa.

"Kuma Baba, ran da za ka dawo, ka buga ɗaya a takarda."

Kafin motarmu ta iso Magami labari ya riga mu. A tasha wani yaro ya durƙusa ya ce, "Sannu da hanya, Lamiɗon Banyo." Mata kuwa in famfo ya ƙafe sai su aiko a tambaye ni ko ya sake tafiya ne. Kuɗin abincina na wannan tafiya har yau suna hannun Ma'aji. Ya ce na Kamaru sun dawo, ya shaida, amma ba zai rufe lissafi ba sai na tsamo biyun da ke cikin teku.