Kuɗin Kallon Ruwa

A 2024 hukumar birnin Benis na Italiya ta fara sa wa baƙon yini ɗaya harajin Yuro 5 a ranakun cunkoso. Mutane kuwa biya suke yi, har da murmushi. Me ake rububin gani? Cocin San Marko, gadar Riyalto, da ruwan da ya hana mota shiga gari, sai dai kwalekwale. In teku ta cika ta malale dandalin cocin, sai a jera katako, baƙi su hau suna ɗaukar hoto.

Mu a Basunda, in baƙar ƙasar Gadarif ta sha ruwan damina, babbar mota kwana take yi a taɓo, ba mai zuwa da kyamara. Tarakta ke jawo ta, kuma mu ke biya.

Kakanninmu da suka bi ta Sawakin za su Jidda sun ratsa gidajen dutsen murjani ko ɗaga kai ba su yi ba, kuɗin jirgi suke lissafi. Yau da gidajen suka zube, su ne abin kallo. Ni dai na ce wa kawu bana kada ya gyara bukkarsa.