Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Injin Walda Mai Araha

Zuwa ga Mai Girma Injin Walda na TIG, haifaffen ƙasar Sin, mazaunin ƙarƙashin tebur a gareji.

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan fankar Inji tana juyawa lafiya. Wannan takarda koke ce daga talakawan Inji: ma'aikatan ofis, direbobi, malaman makaranta da 'yan fansho na Amurka da Turai, mutanen da walda ba sana'arsu ba ce, amma duk ranar Asabar sai su shige gareji da niyyar haɗa guntayen alminiyum biyu su zama ɗaya. Da yake ba a ce wa babba "kai" a fada, Inji zai yi haƙuri da jin ana nanata sunansa.

Asalin Inji ba na raini ba ne. A 1941, Yaƙin Duniya na Biyu na ci, wani injiniya mai suna Russell Meredith a kamfanin ƙera jiragen sama na Northrop da ke Kalifoniya ya daidaita dabarar walda da tsinken tangistin wanda ba ya narkewa, ana busa masa iskar hiliyam don kada iskar gari ta taɓa ƙarfen da ke narke. Magniziyam na jikin jirgi ake son haɗawa a lokacin. Aka raɗa wa dabarar suna Heliarc, kamfanin Linde ya saye ta ya baza; ita ce ake kira TIG a yau. Shekara da shekaru kakannin Inji taransifomomi ne masu nauyin fiye da kilo 150, sai masana'anta ke iya ajiye su. Zuwan inbata ne ya zabge musu ƙiba. Ko a yau, babban injin Miller ko na Lincoln Electric mai aikin alminiyum kuɗinsa kan kai dala dubbai. Shi kuwa Inji bai cika dubu ɗaya ba, kuma mutum guda zai sunkuce shi daga bayan mota ya kai ciki. An ga wannan alheri, an gode.

To, sai koke.

Na farko ma ba Inji ya shafa kai tsaye ba, ƙannensa ne, waɗanda aka rubuta musu TIG da manyan baƙaƙe a kwali, aka ɓoye DC, wato wuta marar kai-komo, can ƙasa da rubutun da sai an sa tabarau. Mutum ya saya cikin murna, ya ɗora a kan alminiyum, ya ga abu na ta baƙi yana dunƙulewa ya ƙi haɗuwa. Dalili kuwa sananne ne ga duk wanda ya taɓa ƙonewa. Da zarar iska ta taɓa alminiyum, wani siririn ɓawo da ido ba ya gani yakan rufe shi. Ƙarfen kansa yana narkewa a digiri 660 na Selsiyos, ɓawon kuwa sai an haura 2,000. Wato ciki ya zama ruwa tuni, baya yana nan ƙiƙam. Abin da ke fasa ɓawon shi ne wuta mai kai-komo, AC: rabin zagayenta yana kankare ɓawo, ɗaya rabin yana narka ƙarfe. Inji yana da ita, shi ya sa ake ji da shi. Ana roƙon ya ja kunnen ƙannen nasa su daina aron sunan gida suna cin kasuwa da shi.

Na biyu, maganar kuɗi. Farashin da ke jikin kwali kuɗin sallama ne kawai. Inji ba ya motsi sai da tukunyar argon, tsantsarta kuma, don gaurayen da masu waldar MIG ke amfani da shi, mai kashi 25 cikin ɗari na iskar kabon, nan take zai cinye tsinken tangistin. Argon ɗin nan kusan kashi ɗaya cikin ɗari ne na iskar da kowa ke shaƙa kyauta, amma da ta shiga tukunya sai ta yi farashi, kuma Inji yana shan lita 7 zuwa 10 a kowane minti. Ko an ɗage ƙafa wuta ta mutu, yakan ci gaba da huci na wasu daƙiƙoƙi don tsinke ya huce a cikin kariya. Dabara ce mai kyau. Sai dai mai gareji yana zaune yana jin "sss", ya san aljihunsa ne ke sacewa.

Daga nan sai tsinkaye, kowanne da fentinsa a gindi. Tsoffin littattafai sun ce kore, tsantsar tangistin, shi ne na alminiyum. Gaskiya ne a zamanin taransifoma. Inji ɗan inbata ne, ya fi shiri da shuɗi mai kashi 2 na lantanam. Ja kuma yana da toriyam, wanda ƙurarsa ba abin shaƙa ba ce in ana wasa shi. Sai sandar ciko, 4043 mai silikon ko 5356 mai magniziyam. Sai hular walda mai duhu da kanta, safar hannu ta fata mai laushi, burushin ƙarfe marar tsatsa wanda ba a yarda ya taɓa komai ba sai alminiyum, kwalbar asiton, da dutsen wasa tsinke. Kafin a haɗa ƙarfe na farko, uwargida ta riga ta fara tambayar ina arahar da aka yi mata alkawari.

Yanzu a zo ga ranar Asabar ɗin kanta, don Inji yana ƙarƙashin tebur, bai cika ganin abin da ke faruwa a sama ba.

Mutumin yana zaune a kan kujera, hula ta rufe fuska. Hannun dama riƙe da bakin walda kamar alƙalami, hagu riƙe da sandar ciko, ƙafa a kan feda tana ƙara wuta tana ragewa. Tela a kan keken ɗinki ke nan, sai dai allurarsa wuta ce, kuma yadinsa yana iya zubewa ƙasa. Ya taka. Inji ya fara ƙugin nan na AC mai shiga haƙori. Wani farin zobe ya bayyana kewaye da wutar, alamar ɓawo na kankaruwa. Yana jira ƙarfe ya yi ja, yadda baƙin ƙarfe ke yi wa mai walda gargaɗi. Alminiyum ba ya ja. Yana nan da launinsa, yana kwashe zafi yana rarrabawa ko'ina cikin jikinsa, ninki huɗu ko fiye da yadda baƙin ƙarfe ke yi. Mutumin ya ga shiru, ya ƙara takawa. Can sai wani ɗan ƙyalli kamar madubi ya buɗe. Wannan ne lokacin tsoma sanda da matsawa gaba, amma kafin ya tuna wane hannu ne ke wane aiki, ƙyallin ya zama rami, ana hango tebur ta ciki.

In bai yi rami ba, to hannu ya yi rawa, tsinke ya taɓa narkakken ƙarfen. Sai "fat", baƙin toka ya baibaye wurin, kan tsinke ya ɗauko dunƙulen alminiyum. A kashe, a kwance, a je dutse, a wasa, a dawo. Akwai masu gareji da suka fi ƙwarewa a wasa tsinke fiye da walda, kuma sun san hanyar tebur zuwa dutse ko da ido rufe. Burin kowannensu ɗinkin da Amurkawa ke kwatantawa da jerin sulalla da aka kwantar ɗaya kan ɗaya. Gwanaye har gwangwanin lemo biyu suke haɗawa don nuna isa. Sabon shiga kuwa abin da yake samu ya fi kama da abin da ba a faɗa a wasiƙa zuwa ga babba.

A nan ne Inji ke da laifi na gaske, kuma ba za a rufa masa ba. A fuskarsa akwai maɓallin da ke raba wutar AC tsakanin kankara da narkarwa. Wasu kamfanoni suna ƙidaya ɓangaren narkarwa, wasu ɓangaren kankara. Don haka gwani mai injin tsada zai ce a sa 70, alhali a fuskar wani injin 30 ake nufi. Mai gareji ya murɗa zuwa 70 da zuciya ɗaya, ya taka, ya ga kan tsinkensa ya kumbura ya zama ƙwallo yana rawa, tangistin da sai a digiri 3,422 yake narkewa. Ya buɗe littafin da ya zo cikin kwali don neman haske, ya tarar da Turancin da ko Bature sai ya nemi tafinta. Layi ɗaya tak da zai ce "wannan lamba ta kankara ce" ya isa ya ceci tsinkaye masu yawa.

Fedar da ke zuwa da wasu 'yan gidan su Inji ita ma abin magana ce: a taɓa ta kaɗan shiru, a ƙara kaɗan ta saki wuta gaba ɗaya. Bakin walda mai lamba 26 da ake haɗowa da shi yana ɗaukar amfiya 200, amma nauyinsa da taurin igiyarsa kan gajiyar da wuyan hannu, har mutane da yawa su sake kashe kuɗi su sayi ƙarami. Sai kuma lambar 200 da aka buga a gaba da alfahari. Masu walda suna lissafin kusan amfiya 40 ga kowace milimita ta kaurin alminiyum, wato ƙarfin Inji ya ƙare a wajen milimita 5. Ko hakan ma ba ya jurewa: ana auna juriyar inji ne a kan minti 10, kuma wanda aka rubuta masa kashi 30 yana nufin aikin minti 3, hutun minti 7. A gidajen Amurka, inda soket na bango ke ba da bolt 120, in ba a jawo layin 240 ba, ko kusa da 200 ɗin ba a zuwa. Tartsatsin da yake kunna wuta da shi ba tare da taɓa ƙarfe ba kuma yakan shiga rediyo da kwamfutar da ke kusa, in ba a binne wayar ƙasa da kyau ba.

Duk da haka, adalci ya sa a faɗa: yawancin zagin da Inji ke sha a gareji ba nasa ba ne. Wanda bai goge ƙarfe da asiton ba ya ga ƙuraje a ɗinkinsa, hannunsa ne. Wanda ya bar ƙofa a buɗe iska ta kore argon, shi ya jawo. Alminiyum mai lamba 6061, wanda ya fi yawa a hannun masu gareji, yakan tsage in aka narka shi ba ciko. Masu lamba 2024 da 7075 na jikin jirgin sama kuwa ko injin dala dubu goma ba a so a yi musu irin wannan walda. Tsohon murfin injin mota da ya sha baƙin mai shekaru zai yi ta aman datti komai tsadar abin da aka tunkare shi da shi. Akwai ma ganganci mai kisa: wanke ƙarfe da maganin goge birki mai kulorin, wanda in wutar walda ta same shi yake iya zama fosjin, gubar da aka yi yaƙi da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Abin da ya fi ci wa talakawan Inji rai shi ne ranar da wani tsohon mai walda ya leƙo garejin. Ya karɓi hula, ya dubi maɓallan, ya murɗa biyu, ya goge ƙarfe, ya zauna. Da wannan feda mai gardama, da wannan baki mai nauyi, ya jera sulalla tsaf daga wannan gefe zuwa wancan, ya miƙe ya ce injin ba laifi. Da can mutum yana iya cewa ai don ba shi da kuɗin babban inji ne. Inji ya zo ya ƙwace wannan uzuri a kan farashi mai rahusa, kuma har yau ba a yafe masa ba.

Saboda haka ana roƙon Inji, in zai aika saƙo gida, ya ce a nemo wanda ya taɓa riƙe bakin walda ya rubuta littafin, a faɗi ɓangaren da maɓallin nan yake ƙidayawa, a kuma ƙara tsawon wayar da ake maƙalawa a tebur, don ta yanzu ko ƙafar tebur ba ta kaiwa sai an jawo Inji waje. Fankarsa ma, in da hali, ta riƙa yin shiru idan ba aiki ake ba, saboda maƙwabta.

A huta lafiya. Za a kunna Inji ranar Asabar, in mai sayar da argon ya buɗe.

Daga talakawan Inji, masu wasa tsinke.