Burolar Alhaji da ta ƙi girma

Wani Alhaji maƙwabcina a Kakau, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya ajiye aiki, ya yi lissafinsa tsaf: 'yan tsaki 50 a farkon Nuwamba, su zama kaji kafin Kirsimeti, ya sayar ya kwashi riba. Lissafin ba shi da aibu. Burola ta gaskiya, in ta samu abinci da ɗumi, tana kai kilo 2 a sati 6. Tsaki kuma ba ya wuya a nan, tunda a 2017 kamfanin Olam ya buɗe katafariyar masana'antar abincin kaji da ƙyanƙyasa a ƙaramar hukumarmu ta Chikun, kan hanyar Abuja. Amma Alhaji bai nemi dila ba. Wani mai kwali ne ya tare shi a bakin titi da rabin kuɗin kasuwa, har da gyaran biyu.

Ɗan tsako a satin farko yana son zafin digiri 32 zuwa 35, ga hunturu ya fara leƙowa. Alhaji ya rataya musu ƙwan lantarki, aka ɗauke wuta. Suka cunkushe a lungu ɗaya, wani kan wani, gari ya waye uku na ƙasa sun sheƙa. Daren biyu ya hura gawayi a kasko, ya toshe kowace kafa da buhu, ya zauna gadi a ciki. Hajiya ce ta jawo shi waje yana layi. Daren uku ya ɗauki kwalin ya nufi uwar ɗaki.

“Alhaji,” in ji ta, “ko dai ni, ko su.”

Da buhun abincin tsaki ya ƙare, ya ji kuɗin sabo, sai ya tuna kajin kakarsa dusa kawai suka sani. Ya manta kajin kaka suna yini suna tono, suna cin gara da tsutsa. Abincin tsaki na kamfani yana da sinadarin gina jiki sama da kashi 20 cikin 100, dusar masara kuwa da ƙyar take kai rabin haka.

A sati na huɗu suka saki fukafukai, suna gyangyaɗi a tsaye, kashinsu da jini. Nan unguwa ta cika da likitoci. Wannan ya ce barkono a ruwa, wancan ya ce sassaƙen maɗaci, mai shayi ya rantse da ja-da-yalo. Alhaji ba ya son ɓata wa kowa, ya haɗa duka a kwano ɗaya.

Ni na raka shi wurin likitan dabbobi. Likita ya ce koksidiyosis ce, ƙwayar cutar hanji mai yaɗuwa in garin katakon da suke kwana a kai ya jiƙe. Ya tambayi rigakafin Gumboro da Lasota, irin wanda ake haɗawa a Vom kusa da Jos. Alhaji ya zaro kwalbar daga aljihun babbar riga da alfahari. Kwananta biyu a ciki, abin da sai a ƙanƙara ake ajiye shi.

Can likita ya ɗaga tsako guda, ya taɓa ƙirjinsa, ya dubi tsawon ƙafarsa da ɗan jan da ke tsirowa a kansa.

“Baba, wa ya ce maka burola ce? Mazan kajin ƙwai ne. Ba sa ƙwai, ba sa ƙiba da wuri, shi ya sa ake karyar da su. Sai ka ba su wata huɗu zuwa biyar.”

Kirsimeti ta zo ta same su kamar tattabaru, ba mai taya.

Sauran da suka sha, sama da talatin, sun warke garau. Cikin Fabrairu suka koyi cara, dukkansu, kuma ba sa jiran ladan. Tun ƙarfe uku suke farawa. Yanzu duk Juma'a sai ka ga Alhaji yana bin maƙwabta gida-gida yana ba da haƙuri, da zakara ɗaya a hammata.