Gangarar Jidda

Shekara 14 ina koyar da lissafi, don haka da muka tashi aikin Hajji daga Shema ni na naɗa kaina mai yi wa tawagarmu bayani, ba wanda ya roƙe ni. Kafin motarmu ta wuce Kurfi na riga na zayyana musu cewa tsakanin Katsina da Jidda kusan kilomita 3,500 ne, kamar mutum ya yi Dutsin-Ma zuwa Katsina sau hamsin da ɗoriya. Tsofaffi sai gyaɗa kai suke, ni kuma kaina sai ƙara girma yake.

Ranar dawowa na duba takardar jirgi. Tashi daga Jidda ƙarfe 9:00 na safe, sauka a filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa ƙarfe 11:45. Na cire wannan daga wancan, awa uku ma ba ta cika ba. A zuwa kuwa takardar kusan awa bakwai ta nuna. Malamin kirki ba ya rasa amsa, sai na tara mutane na ce musu da zuwa tudu muka hau, yanzu gangara ce. Har wata Hajiya ta sa mini albarka.

Ni da banɗakin jirgi tun a zuwa muka ɓata. Na danna wani maɓalli, ya yi wata irin ƙara kamar zai zuƙe ni har da haramin da ke jikina, na fito ina salati, na rantse ba ni ba shi. Amma tafiyar da ba ta kai awa uku ba ai ba abin damuwa ba ce. Na sha shayi kofi biyu, na bi da lemo, na karɓe ruwan maƙwabcina da ya ce ba ya so.

Agogon hannuna ya buga 11:45, na leƙa taga, rairayi ne iya ganin ido. Sha biyu ta wuce. Na harɗe ƙafa, na warware, na sake harɗewa. Zufa ta keto mini cikin sanyin nan. Carbi dai ina ja, amma Allah ya sani ba lada nake ƙirgawa ba, mintoci ne.

Maƙwabcin nawa dattijo ne ɗan Kurfi, wanda ya ce kakansa a ƙafa ya je Makka, ta Chadi da Sudan, ya tsallaka Bahar Maliya a jirgin ruwa, bai dawo ba sai bayan shekaru. Ya dube ni ya ce, "Malam, lafiya kake mutsu-mutsu?"

"Baba, direban nan ya ɓata hanya."

"Bai ɓata ba. Agogon Saudiyya ai gaba yake da namu da awa biyu. Takardar ta rubuta tashi da nasu, sauka da namu. Zuwa da dawowa duk kusan awa biyar ce." Ya gyara hularsa. "Ban tanka ba ɗazu, na ga ana sa maka albarka."

Na tashi na bi layi, mutum shida a gabana, na ukunsu Hajiyar nan. Da na shiga, hannu ɗaya na kan sakata na danna maɓallin.

Tsarabar da na sayo duk na raba, bagaruwa da dabino da zamzam, ko mutanen jirgin nan za su rufa mini asiri. Ranar da na koma aji, na tarar an rubuta a allo da manyan baƙaƙe: Barka da sauka, Alhaji Gangara.