Gawon Zaure da Akuyar Iya

Ni mushe ne, na shekara da shekaru ina fama da ƴaƴan mutane a lakwal. To amma ƴaƴan mutane ana tashinsu su tafi gidajen iyayensu. Waɗanda na tarar a gidanmu na Mayahi cikin babban hutu kuwa na yayana ne da na ƙanwata, ba inda za su, ga damina ta zauna, ruwa ya tare su a zaure suna ta kokawa a kan tabarmata.

Sai na tuna 3 ga Agusta ta matso. Ranar ce Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, kuma tun 1975, zamanin Seyni Kountché, aka haɗa ta da dashen itatuwa. Manya su sha babbar riga, a miƙa musu shebur, su dasa icce ɗaya, a tafa. Na ce mu ma ba za a bar mu a baya ba. Tunda awakin gidanmu ba su taɓa barin dashe ya yi ganye na biyu ba, namu iccen a bangon zaure za mu yi shi, inda haƙori ba ya kaiwa.

Na samo takardar buhun siminti da tsofaffin kaye, na aro almakashi wajen telan unguwa, na jiƙa ƙaro a kwano. Kafin a fara, na tsaya na yi musu darasi yadda ya kamata: yadda manoman jihar Maradi suka rungumi sassaben zamani tun shekarun 1980, suna barin tohon kututture a gona maimakon su sare, har aka ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a kudancin ƙasar. Ina cikin bayani Auta ya ɗaga hannu. Na ji daɗi, na ce ga mai tambaya. Ashe cewa zai yi ya shanye ruwan ƙaron.

Rigima ta farko a kan irin iccen aka yi ta. Mazan suka ce goriba, don kowa a garin nan ya san Gulbin Kaba, kuma da kabarsa ake saƙa tabarmar da suke yagawa. Na zana musu ita da alli, suka ce wannan ba goriba ba ce, goriba rabuwa biyu take yi a sama. Na share, na ce to gawo za a yi, babba, mai ganye kore shar.

Ɗiyar ƙanwata, ƴar shekara shida, ta dube ni sama da ƙasa.

"Kawu, gawo ba ya da ganye da damina."

"Ke, wa ke koyarwa a nan?"

"Kai ne. Amma ka leƙa gonar Baba ka gani."

Na san maganar. Gawo yana zubar da ganye idan ruwa ya sauka, shi ya sa gero ke yin kyau a gindinsa, sai rani ya yi ya toho, dabbobi su ci ƴaƴansa. Amma ado ake yi, ba jarrabawa ba, kuma mushe ba ya karɓar gyara daga wadda ba ta gama famfara ba. Na yanke hukunci: ganye dole.

Fenti babu. Nan ne dabara ta zo mini, kuma har gobe ina cewa dabara ce mai kyau. A ɗakin Iya akwai ƙullin garin lalle, kore shar. Na kwaɓa shi a ƙwarya, na ce kowa ya tsoma tafin hannu ya manna a takarda, kowane tafi ganye ɗaya. Yara suka yi ta tsomawa har wuyan hannu, wani ya shafa a goshi, wani ya yi wa ƙanensa gemu. Da yake ƙaro ya tafi cikin Auta, sai muka dama kunun gero mai kauri muka liƙa komai da shi. Bangon ƙasa ne, ga danshin damina, ka manna reshe nan ya sulluɓo can, sai da muka ƙarar da kunun da aka ajiye don dare. Da magariba dai gawo ya tsaya, na ja da baya na yaba wa kaina, tunda ba wanda ya yi niyya.

Da asuba salatin Iya ya tashe ni. Lallen nan na bikin ɗiyar maƙwabta ne, ita aka ba ajiya. Na fito na tarar da maza uku a jere, hannuwa jajawur kamar amare, babbansu yana kuka wai ba zai ƙara zuwa makarantar allo ba. Yaya ya dube su, ya dube ni, ya ce, "Mushe, wannan ma yana cikin darasin?" Ban tanka ba, na nufi zaure don in nuna masa abin da aka sha wahala dominsa.

Akuyar Iya na tarar a tsaye bisa turmin da muka taka jiya, ƙafafun gaba a bango, tana tauna reshe na ƙarshe da ta iya kaiwa. Duk inda kunu ya taɓa ta lashe. Ganyen da suka tsira a can sama sun rikiɗe sun koma ja, tururuwa ta yi layi a kansu. Saura kututture da rassa tsirara.

Yarinyar nan ta zo ta tsaya kusa da ni, ta daɗe tana kallo.

"Yawwa, Kawu. Yanzu ya zama gawo."

Iya ta ce akuyarta ba ta da laifi, ba ita ta ajiye turmi a zaure ba. Ni kuma har yanzu ina kan bakana cewa tsarin aikin ba shi da aibu. Jika biyu na biya kuɗin lalle, tela kuma bai daina aiko mini a kan almakashinsa ba, wanda Auta ya rantse bai san inda ya binne shi ba.