Sannu da Ƙoƙari, Alhaji Uban Amarya

Alhaji, Allah ya ja zamaninka! Duk faɗin Maraɗi, daga Bagalam har unguwar Zariya, ba a yi mai sanin darajar ma'aikaci kamarka ba. Wa ya isa ya yi wa ƙanena karamcin da ka yi masa?

Ka kira shi ya ɗauki bidiyon bikin ɗiyarka, kuka yi jinga a kan jika 150, ka ba da kafin alƙalami jika 30. Kwana uku yana bisa babur: ɗaurin aure a Tibiri, ba nisa da fadar Sarkin Gobir, walima a cikin gari, sai kai amarya Jiratawa ta tsakiyar gonakin zogale, ƙura har cikin idon kamara. Ya yi hayar kamara ta biyu da ɗan jirgin nan mai ɗauka daga sama, ya ɗauki yaro mai riƙe fitila, esansi duk daga aljihunsa. Kwana goma yana montaj, in wuta ta ɗauke ya tayar da gurup. Ka ga wahalar nan da idonka, shi ya sa ka saka masa da abin da ya fi kuɗi: "Allah ya yi maka albarka, yaro." Albarkar ya kai wa mai hayar kamara, amma shi da yake bai kai ka zurfin tunani ba, ya ce sefa yake so.

Ga ka da son aiki mai kyau. Hajiya ta ce ta yi duhu, aka haskaka ta. Aka ce a cire kishiyarta daga wurin kamu, aka cire. Aka ce waƙar ba ta dace da gidan girma ba, aka canza. Sau uku yana warware aikin yana sake ɗinkawa, kyauta, don ka koya masa haƙuri. Da ya gama ka karɓi kile ɗin, ka ce za ka duba tukuna. Ashe kai ba ka duba abu kai kaɗai: kafin magariba bidiyon ya zaga WhatsApp, dangi na Yamai da Katsina suna ta sambarka.

Sai maganar ciko. Ga Nita ga Amana ko'ina a gari, minti biyar kuɗi sun isa, amma ka fi son ya riƙa takowa shago saboda zumunci. Litinin ka ce kasuwa ta ci, ya dawo Juma'a. Juma'a ka ce bayan masallaci. Daga baya ka zaunar da shi ka yi masa darasi a kan iyakar Benin da aka rufe a 2023, da kayanka da suka maƙale a hanyar Kwatano. Gaskiya ne, 'yan kasuwar Maraɗi sun ji jiki. Sai dai bidiyon ba shi da kunya: ga ka nan a fili, babbar riga na sheƙi, kana liƙa wa maroƙa 'yan jika goma-goma har suna zuba ƙasa. Wannan wurin kam ba ka ce a cire ba.

Tun farko da ya kawo zancen rubuta takarda ka ce takarda ta marasa amana ce. Da ya gaji ya ambaci komisariya, ka aika wa mahaifinmu dattawa biyu, wai yaro ba ya kai babba ƙara. Madalla da mai kiyaye al'ada! Kunyar da aka hore shi da ita, ita ka mayar jari.

Wata bakwai ke nan, guminsa ya daɗe da bushewa. Makon jiya ya sayar da babur ɗinsa ya sallami mai kamara da yaron fitila, don su ma suna da iyali. Yanzu a ƙasa yake zuwa aiki, da jaka a kafaɗa.

Alhaji, jika 120 ne. Ka biya shi haƙƙinsa.