Likitocin Lagireto

Motar haya takan tashi daga tasha da mutane masu sana'o'i iri-iri: tela, malamin makaranta, falken albasa, ɗalibin da zai koma Jami'ar Maiduguri. Amma bari allurar zafi ta haura ja tsakanin Azare da Potiskum, tururi ya fara fitowa ta ƙarƙashin bonet, direba ya gangara gefen titi. Kafin ƙurar tayoyi ta lafa, kowa ya ajiye sana'arsa ya zama bakanike.

Shugabansu shi ne Alhaji mai ƙwai. Kujerar gaba yake zama, kuma kuɗin mutum biyu ya biya don kada a matse shi. Shi ne na ƙarshen fitowa. Sai ya gyara hannun babbar riga, ya goya hannuwa a baya, ya tako a hankali, mutane su dare masa hanya ba tare da sun san dalili ba. Ba ya taɓa ƙarfe, ba ya sunkuyawa. Daga tsaye zai ce, "Direba, ta ina take zubarwa?" Direba na buɗe baki, shi kuma ya riga ya shiga tarihi: Fijo 504 ɗinsa haɗin Kaduna, wadda ya kai Legas da ita ya dawo ba ta yi ko tari ba, sai rana guda a kusa da Jaba da lagireto ya huje, ya gyara shi da hannunsa. Sai an sha wannan labari har ƙarshe sannan hukunci ya fito: "A nemo ƙwai. Ɗanye. Biyu. Farin kaɗai za a zuba, a cire gwaiduwa."

Abin haushin shi ne yana da 'yar gaskiya. Farin ƙwai na shiga ruwan zafi yake dahuwa, ruwa ya kora shi zuwa inda yake tsira, in hujin bai fi tsinin allura ba ya liƙe shi, mota ta lallaɓa ta kai gari. Sai dai Alhaji bai taɓa duba girman hujin ba. Ko tiyo ne ya tsage har ana iya zura yatsa, ƙwai ne maganinsa. Bai kuma damu ba cewa ƙwai bai san huji da hanya ba, duk siririn bututun da ya tarar toshe shi yake yi, sai lagireto ya daina zuba, ya kuma daina sanyaya inji. Fijonsa lagireton tagulla ne da ita, wanda ake liƙewa da dalma a kowace kasuwa. Sharon ɗin da muke ciki alminiyam ne da kan roba. Gaya masa haka, ya dube ka duban yaron da bai san duniya ba.

To, ina ƙwai a daji? A tura yaron mota ƙauyen da ake hangowa. Bayan an gaji da jira ya dawo yana haki da ƙwan zabi guda huɗu, dafaffu, har da ƙullin yaji, don shi ne abin da 'yan talla ke sayarwa. Alhaji ya girgiza kai, ya yi tsaki kan lalacewar yaran zamani, ya karɓa don kada a yi almubazzaranci, ya zauna ya ɓare abinsa. A sake tura yaro wajen mai shayi. In an dace ƙwai ya kama, fasinjoji sun shiga uku, don daga nan har Damaturu babu hirar da za a yi sai ta ƙwai. In bai kama ba, laifin ba nasa ba ne: "Ƙwan gidan gona ne. Na yanzu duk ruwa ne, ba shi da ƙarfi."

Yana da almajirai, kowa da ɗariƙarsa. Ɗalibi zai zaro garin kwaki daga jaka, hujjarsa ita ce yana kumbura. Wani ya ce masoro, wani ya ce dakakken barkono. Hajiya daga kujerar baya ta miƙo garin kukar da za ta kai wa 'yarta mai jego, ta ce ai yauƙi gare shi. Da za a bi ta kowa, daddawa da manja kawai za a ƙara a sauke.

Akwai mai waya. Shi yana da bakanike a Ƙofar Ruwa wanda bai taɓa kuskure ba. Zai kira shi, ya saki murya kowa ya ji, har ya kara wayar a jikin inji don Oga ya saurara daga Kano. Amsar ba ta canzawa: "Gasket ne." Daga nan sabis ya ɗauke.

Sai masu ruwa. Ana cewa a kawo gudummawa, za ka ga mutum na tura gorarsa ƙarƙashin kujera da dunduniya yana kallon sama. Wani kuma ya rungume buta, a shiga muhawarar fiƙihu kan wanda ya fi cancanta da ruwan, inji ko mai alwala, alhali ga ƙasa nan shimfiɗe ta taimama har iya ganinka. Mai lissafi ya sanar cewa jakar fiya wata leda 20 ce, lita 10 ke nan, ta isa cika lagireto har a yi ragowa. Lissafinsa daidai ne. Hannunsa ne dai ba ya zuwa aljihu.

A kowace mota kuma akwai mutum guda da ba a lura da shi sai an matsu. Tun ana musun ƙwai ya tsuguna ya bi ɗigon ruwa da ido har ya ga inda yake fitowa. Ya jira inji ya huce. In tiyo ne, ya goge shi ya bushe, ya yanko roba daga tsohon tuf ya naɗe tam, ya ɗaure da waya. In kusa da baki ya tsage, ya yanke wurin ya mayar da sauran ya matse. In bututu ɗaya ne a jikin lagireto, ya lanƙwashe shi da filaya, ko ya cuɗa sabulun wanki ya danna ta waje. Sannan ya ce da direba kada ya ɗaure murfi har ƙarshe. Dalilinsa mai kyau ne: murfin ne ke riƙe matsin da yake hana ruwa tafasa a digiri 100 sai ya doshi 120, kuma matsin nan ne ke tunkuɗo ruwa ta huji. A sassauta shi zuba ta ragu, amma sai a tafi a hankali, ana tsayawa ana ƙara ruwa. Har nan kowa na sa masa albarka. Sai ya ƙara da cewa a kunna hita har ƙarshe don ta janye zafin inji zuwa cikin mota. A watan Afrilu, a ƙasar Yobe. Nan take albarkar ke komawa Allah-ya-isa. In an isa lafiya, Alhaji mai ƙwai ake yi wa godiya.

Can gindin bishiya kuma akwai 'yan kallo, masu taimakawa da "Allah ya kyauta" duk bayan minti biyar, waɗanda in an zo turi suke dafa mota da yatsa biyu suna nishi. A cikinmu har da masu haddace abin da kowa ya faɗa don su sami na rubutawa.

Duk waɗannan ina iya zama da su mota guda gobe. Wanda ba na yi wa dariya shi ne direban da ya san motarsa na zuba tun kafin ya yi lodi. Ba ya ɓuya. Jarkarsa na but kusa da kayan fasinja, lagiretonsa sabulu kan sabulu har ya yi ɓawo, an cire tamostat tun bara, allurar zafi ta mutu ya rufe ta da sitika. Dabarar da aka yi don ta kai mutum gari mafi kusa, shi da ita yake sana'a wata da watanni. Ya karɓi cikakken kuɗi daga mai ciki da tsoho da mai zuwa asibiti, ya fito da su kan hanyar da ba wanda ke son dare ya riske shi a kanta. Kuma idan mota ta tsaya tana huci, ba ya iya haƙurin rabin awa. Sai ya ja da baya taku uku ya ce da yaronsa, wanda ko gemu bai fara ba, "Kai, ɗauki tsumma ka buɗe." Ya san abin da ke ƙarƙashin murfin nan, shi ya sa ya ja da baya. Na ga yaron da ruwan ya tsarto wa daga hannu har wuya, fata ta saɓule, maigidan nasa na yi masa faɗa wai bai iya riƙe tsumma ba. Bayan haka ya kwarara ruwan sanyi cikin injin da ya bushe ya yi jawur, kan inji ya lanƙwashe, ya juyo ya ce mana ikon Allah ne. Sabon tiyo bai kai kuɗin kujera ɗaya ba.

'Yan kamasho da shugabannin tasha sun san irin waɗannan motoci ɗaya bayan ɗaya, don a gabansu ake ɗura musu ruwa kowace safiya, kuma su ke da ikon hana su lodi. Kafin su ga dama, mai karatu, in za ka sa jakarka a but ka duba da kyau. Ka ga jarka da jiƙaƙƙen tsumma da guntun sabulu, ɗauki jakarka ka jira mota ta gaba.